Kunun da Na Dama wa 'Yata da Hannuna

Zuwa ga Shugabar Ma'aikatan Jinya,
Asibitin da matan cikin ganuwa muke zuwa awo da haihuwa,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Hajiya, ranki ya daɗe. Ina gaishe ki gaisuwar addinin Musulunci, ke da iyalinki da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinki. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya ba da ladan ɗawainiya.

Ni tsohuwar malamar firamare ce. A Yakasai aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na ajiye alli. Kai ƙara ba halina ba ne, balle in tsaya a bainar jama'a ina faɗar abin da ya same ni. Sau biyu na zo ofishinki. Zuwan farko aka ce kina taro. Zuwa na biyu aka nuna mini akwatin ƙorafi da ke jikin bango kusa da wurin yankar kati, na jefa takardata na tafi. Wata huɗu ke nan. Ranar Talatar da ta wuce na leƙa ta bakin akwatin, sai ga gefen ambulan ɗina yana nan yadda na jefa shi. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani, ko Allah Ya sa wani ya karanta miki.

Ga maganar a taƙaice. 'Yata ta fari ta rasu wata bakwai da suka wuce, kwana talatin da ɗaya bayan ta haihu, tana kan magungunan da asibitinku ya ɗora ta. Ƙanwarta Sa'adiyya yanzu tana da cikin wata bakwai, a wurinku take awo, kun ce jininta ya hau, ƙafafunta sun fara kumbura, kun ɗora ta a kan magani. Ban zo ja da hukuncin Ubangiji ba. Wadda ta tafi kwananta ne ya ƙare. Saboda wadda ta rage nake rubutu, don ina ganin hanyar da yayarta ta bi ita ma ita aka ɗora ta.

Na farko, ki san wadda ake magana a kanta.

Kin san al'adarmu game da ɗan fari. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da ita a gaban mutane ba. Yaya nake ce mata, yadda ƙannenta suke kiranta, kuma haka zan kira ta a takardar nan. Shekara tara ta yi a gidan miji ba ta ko taɓa ɓari ba. Duk sunan da aka yi a unguwa da ita ake yi, ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai riƙe jariri, ta dawo gida ta shige ɗaki. Ban taɓa tambayarta abin da ke ranta ba, kunya ta hana, amma na sani. Da Allah Ya kawo cikin, ni da ake cewa ba na nuna farin ciki sai da na rufe ɗaki na yi sujada.

Ta haihu a wurinku ranar Litinin, namiji. Haihuwar fari ce, don haka gida ta taho wanka. Ƙanwata Ladi ce ke yi mata wankan, safe da yamma, da ruwan zafi da ganyen darbejiya. Ni kuma na riƙe murhu. Kunun kanwa nawa an san shi a lungunmu, har aikowa ake yi in dama wa masu jego. Gero mai kyau, kayan yaji, da kanwa ungurnu wadda na daɗe da saya na ɓoye tun cikin yana wata biyar. Abin da ba zan iya faɗa mata da baki ba, a cikin kunun nan nake zuba shi.

Na biyu, abin da aka faɗa mana ranar sallama.

Kwana biyu bayan suna ta fara haki. Daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ta tsaya ta dafa bango. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Muka kawo ta, likita ya ce zuciyarta ce ta yi rauni, ruwa ya taru a jikinta, kuma ya ce ana samun haka ga wasu mata bayan haihuwa. Ta kwana huɗu a gadonku. Ba zan ci amanar gaskiya ba, an kula da ita. Kumburin ya saɓe, numfashi ya daidaita.

Ranar sallama wata nas ta kawo mana ƙwayoyi iri uku a 'yan ambulan. Ɗaya mai sa fitsari ce don ta fitar da ruwan, ɗaya ta hawan jini, ɗaya kuma 'yar mitsitsiya ta ƙarfafa zuciya, an rubuta digoxin a jiki. Ta zana mana layi-layi, wannan sau ɗaya, wannan sau biyu. Ta ce a rage gishiri, a rage dunƙule. Ta ce mu dawo bayan kwana goma. Iyakar abin da aka faɗa mana ke nan, kuma ina tsaye a bakin labule na ji da kunnena.

Hajiya, ni mai bin doka ce. Shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa makara ba. Daga ranar nan gishiri bai ƙara shiga tukunyar Yaya ba. Tukunyarta daban na ware, miyarta salam take ci tana yatsina fuska, Ladi na yi mata tsiya wai ta zama tsohuwa da ƙuruciyarta. Amma kunun kanwa ban fasa ba, domin ba wanda ya ce in fasa. A wurinmu gishiri gishiri ne, kanwa kanwa ce. Ɗaya na miya, ɗaya maganin maijego, mai wanke ciki ya kawo nono. Ko a mafarki ban taɓa haɗa su gida ɗaya ba. Da kunun ma take haɗiye ƙwayoyinku, ni nake miƙa mata kofin.

Akwai kuma abu na biyu. Wankan yana bar mata ciwon jiki, sai na aika kyamis ɗin bakin titi aka karɓo mata maganin ciwon jiki, irin wanda kowa yake sha ba tare da an tambayi kowa ba. Tana sha safe da yamma. Shi ma ba wanda ya ce mana kada a haɗa.

Na uku, ranar da muka koma. Nan ne zuciyata ta kasa hucewa.

Kafin kwana goman su cika kumburin ya dawo. Abinci ya fita daga ranta, tana yawan amai. Da na ga nono ya ja baya, sai na yi abin da uwata ta koya mini, na ƙara kanwa a kunun, na mayar da shi sau uku a rana, tunda shi kaɗai yake ɗan zama a cikinta. Sannan ta fara faɗar wani abu da ya ba mu tsoro. Ta ce wa Ladi farin bangon ɗakin ya koma mata ruwan ɗorawa, har fuskar jaririn haka take ganinta. Muka ce ko shawara ce.

Ranar Laraba, kwana ashirin da huɗu da haihuwa, muka zo. Likitan zuciya ba ranarsa ba ce, babbar nas ce ke duba masu dawowa tana sabunta musu magani. Ladi ce ta shiga da ita. Ni na zauna a benci a waje riƙe da jariri, don ba ya kyautuwa a ga uwa tana rawar jiki a kan 'yar fari. Wannan zaman bencin har gobe yana cina.

Yaya da Ladi suka faɗi komai, kumburi da amai da ganin ruwan ɗorawa. Nas ɗin ta buɗe idon Yaya ta duba, ta ce fari ne tas, babu shawara. Ta tambaya ko ana rage gishiri. Ladi ta rantse cewa rabon maijego da gishiri tun ranar sallama, kuma gaskiya ta faɗa. Sai nas ta ninka ƙwayar fitsari, ta ƙara da maganin amai, ta ce sauran a ci gaba da su yadda suke, mu dawo ranar likita nan da mako biyu. Ba a ɗebi jininta ba. Ba a tambayi abin da take sha ba. Ba a tambayi ko tana haɗiyar wani abu ban da naku ba. Duka-duka ba su yi minti biyar a ciki ba, domin layin ya kai har bakin ƙofa.

Muka hau adaidaita muka koma gida da murna, wai an ƙara magani.

Na huɗu, ranar Laraba ta gaba.

Bayan azahar ne. Ta idar da salla a zaune, ta shayar da yaron, ta ce wa Ladi ƙirjinta yana bugawa wani iri, kamar ya tsaya ya ci gaba. Ina tsakar gida ina tace gasarar kunun la'asar na ji salatin Ladi. Kafin a samo abin hawa ya shigo lungunmu, a fito da ita, a keta cunkoson titi, jikinta ya saki. A ɗakin taimakon gaggawa wani matashin likita ya karɓe mu. Yana aiki a kanta yana jefo mana tambaya. Me take sha a gida? Wane magani take haɗiya ban da na kati? Tun yaushe take amai, kuma ta taɓa cewa ganinta ya canza? Tambaya uku, Hajiya. Ina ba shi amsa ina ganin fuskarsa tana sauyawa.

Ba ta kai la'asar ba. Da suka ja baya daga gadon na matsa na kama hannunta, na kira sunanta na yanka sau uku. Ranar ce na fara kiransa, kuma ba ta amsa ba. Saura kwana tara ta yi arba'in. Atamfar da za ta ɗaura ta koma ɗakinta tana wurin tela.

Na biyar, abin da na sani yanzu.

Bayan an share makoki na koma na nemi likitan nan, na roƙe shi don Allah ya faɗa mini gaskiya. Ya yi ta kewaye-kewaye don ya tausaya mini. Na ce masa, ɗana, na girmi a rarrashe ni, faɗa mini kawai. Sai ya yi mini bayani yadda zan gane.

Ya ce shi ba zai ce kanwa ce ta jawo ciwon zuciyar ba, kuma ciwon da kansa yana iya kisa ko an yi komai daidai. Amma sinadarin da ake gudu a cikin gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki, shi ne maƙare a cikin kanwa. Wato ƙwayarku tana kwashe ruwa, kununa yana mayarwa. Ya ce maganin ciwon jikin kyamis shi ma yana riƙe ruwa, yana kuma gajiyar da ƙoda, ita kuwa 'yar ƙaramar ƙwayar zuciyar ta ƙoda take fita. Idan ƙoda ta gaji sai ta taru a jini ta zama guba, kuma tsakanin adadinta mai magani da mai cutarwa tazarar kaɗan ce. Alamar ta taru ita ce amai, da ƙin abinci, da ganin abubuwa ruwan ɗorawa. Ninka ƙwayar fitsari kuma yana zubar da wani sinadarin da zuciya ke dogara da shi, sai gubar ta ƙara ƙarfi. Ya ce da an ɗebi jini ranar, da an dakatar da ƙwaya ɗaya, da an ce a ajiye kunu da maganin kyamis, da wataƙila. Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

Ashe yarinyar nan ta faɗi ciwonta da bakinta, a gaban ma'aikaciyarku, da Hausa, mako guda kafin ta rasu. Rashin sani ya fi dare duhu. Nawa rashin sanin na ɗauka, da shi nake kwana da shi nake tashi. Ni na dama, ni na ƙara kanwar, ni na miƙa. Amma Hajiya, ni aikina koyar da yara baƙi da wasali ne. Wanda aka ba amanar rubuta magani da ƙara shi, shi ya kamata ya san abin da maganin yake so da abin da ba ya so, ya kuma san alamar da yake nunawa idan ya juya wa mai shansa baya.

Na nemi nas ɗin da ta ninka ƙwayar ma, na same ta. Na tafi da niyyar in faɗa mata maganar da ba za ta manta ba. Da na gama ba ta labari sai ta zauna ta rufe fuska da hijabinta tana kuka. Ta ce, "Wallahi Mama, ni ma da kunun kanwa aka yi mini jegona uku. An koya mana a hana gishiri, ba a taɓa kawo mana zancen kanwa a aji ba." Ta ce alamar ganin ruwan ɗorawa ta taɓa karantawa tun tana makaranta, don jarrabawa, ba ta ƙara jin an ambata ba. Na tafi da faɗa na dawo ina ba ta haƙuri. Shekarunta ba su wuce na Yaya ba.

Na shida, halin da Sa'adiyya take ciki.

Wannan haihuwarta ta biyu ce, don haka ba gida za ta zo ba. A gidan mijinta za ta yi jego, wajen Ƙofar Ruwa, a hannun uwar mijinta Hajiya Yagana. Mutuniyar kirki ce, ta riƙe mini 'ya kamar ita ta haife ta. Amma asalinsu Barebari ne, kakanninta fataken kanwa ne, a gidansu kanwa ba ta da laifi. Tuni ta sa an kawo mata mai kyau daga gabas ta adana.

Na je har ɗakinta na durƙusa na yi mata bayani. Ta saurare ni da ladabi, ta yi mini addu'a, sannan ta ce, "Malama, baƙin ciki ne yake sa ki wannan tunani. Da kunun nan aka yi wa iyayenmu jego, da shi aka yi mana, ga mu nan. In da yana da illa ai da malaman asibiti sun faɗa." Kin ji inda maganar take. Ni a wurinta uwa ce da mutuwa ta gigita. Sa'adiyya kuwa ba za ta iya ture kofin da uwar miji ta miƙo mata ba, kin san haka, ke ma 'yar gari ce. Tun da aka ɗora ta a kan maganin hawan jini ta zo awo sau uku. Duk dawowa sai na tambaye ta abin da aka ce. An ce ta rage gishiri.

Don haka ga roƙona.

Ina roƙo a koya wa duk nas ɗin da aka yarje wa ba da magani ko ƙara shi ilimin magunguna na gaske, ba na haddar jarrabawa ba, kuma a haɗa shi da abin da muke ci muke sha a garin nan. Kanwa, da jiƙe-jiƙe, da tsimi, da maganin kyamis. Littattafan da kuka karanta ba a cikin ganuwa aka rubuta su ba, ku ne za ku ƙara musu abin da suka bari.

Ina roƙo a sa tambaya a jikin katin kowace mai ciki da maijego: me take sha, me take haɗiya ban da namu? A ambaci kanwa da sunanta. In ba a kira sunanta ba, wallahi ba mai kawo ta, domin ba mu ɗauke ta abin faɗa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Duk maganin da yake iya zama guba, a faɗa wa 'yan'uwan mara lafiya alamominsa da Hausa, a ce in kun ga kaza ku dawo a ranar, kada ku jira ranar likita. Kuma kada a ƙara wa mai irin wannan magani ƙwaya sai an duba jininta, ko an kira likita ko da ta waya ne.

A daina yi wa maijego bayani ita kaɗai. Ba ita ke riƙe da ludayi ba. A kira uwar ko uwar mijin a shigo da ita ciki, ko tana jin kunya a ce dole ne. Da an leƙo an ce uwar maijego ta shigo, da na shiga, kuma da an tambaye ni da na faɗi kunun da alfahari.

Nas ɗin nan kuma kada a taɓa ta saboda takardata. Shi ya sa ban faɗi sunanta ba. Korarta ba za ta dawo mini da kowa ba, kuma a yau duk asibitin babu wadda ta fi ta sanin abin da nake faɗa. In ma da hali, ita za ki sa ta koya wa sauran.

Na ƙarshe shi ne ƙarami a wurinki, shi ne babba a wurina. Ranar Talata mai zuwa Sa'adiyya tana da awo. Na lallaɓa Hajiya Yagana ta yarda za ta rako ta. Ina roƙon ki don girman Allah, ke ko wata mai farin kaya, a kira ta ciki a dube ta a ce mata mai hawan jini da kumburi ba ta shan kunun kanwa, ba ta haɗiyar maganin kyamis sai an tambaya. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba. Daga bakinku za ta karɓa, daga nawa ta ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya rage mana wata biyu ne.

Yaron yana hannuna. Ya fara zama, yana da haƙora biyu, yana da idon uwarsa. Mijina nake ce masa, in na yi masa tsiya ya yi ta dariya bai san komai ba. Wata rana zai tambaye ni yadda aka yi, kuma zan faɗa masa gaskiya. Goyon maraya ɗaya ya ishi bayana, Hajiya. Kada ku bari a kawo mini na biyu.

Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya ba ki ikon sauke nauyin da ke kanki, Ya sa ki gama da aikin nan lafiya. Allah Ya raya miki zuriya, kada Ya nuna miki abin da na gani. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ranar Talata zan zo da wuri. Wannan karon ba zan zauna a benci ba.

Wassalam.

Taki cikin girmamawa,
Mahaifiyar marigayiya Hafsatu,
Yakasai, cikin birnin Kano.